Alhinin Afrilu a Woodbridge

Duk lokacin da watan Afrilu ya kama, mu mazauna Woodbridge mukan tuna musibar da ta auku a jami'ar Virginia Tech ranar 16 ga wannan wata a 2007, sa'ad da wani ɗalibi ya hallaka mutum 32, malamai da almajirai, akasarinsu a azuzuwan Norris Hall, bayan ya ɗaure ƙofofin da sarƙa. Ko da yake Blacksburg, garin da jami'ar take, na da nisa da mu, ajali bai bar mu baya ba, domin cikin mamatan akwai saurayi ɗan garin nan wanda asalinsa ɗan Peru ne, akwai kuma Bamisire mai neman ilimin injiniya, wanda ya bar mata da ɗa ƙarami a Masar.

A Disamba 2009 kuwa aka yi harbi a reshen kwalejin NOVA na Woodbridge, Allah Ya kiyaye babu wanda ya jikkata, amma an fama mikin, har yau uwa takan riƙe waya a hannu, zuciya na ɗar-ɗar, sai ɗanta ya dawo daga darasi. Jama'a, idan an idar da salla, a riƙa tunawa da iyayen nan cikin addu'a.