Albasa cikin rudu, lissafi cikin kaye

Mu mutanen Adar mun iya noman albasa, wannan ba gardama. Daga Tamaske zuwa Keita da Tabalak, manyan motoci na lodi har Abijan da Akra. Abin da muke koyo yanzu shi ne lissafin da zai gaya ma mutum: ya saida yau ko ya aje?

Lokacin cirar albasa, wajen Maris da Afrilu, farashi na faɗuwa warwas, sai bayan damana ya tashi. Shi ya sa kowa ke cewa a zuba cikin rudu. To amma a ce buhu 100 ka aje, 30 suka ruɓe, duk abin da ka kashe sauran 70 za su ɗauka. Ga man injin ban-ruwa, ga iri da taki, ga 'yan ƙwadago, ga mai bashi na jira a ƙofa. Wahalar kanmu ma ba mu sa ta ciki, sai ka ce kyauta ce.

Yaranmu masu karatun kontabilite a jami'ar Tawa sun nuna muna yadda ake fidda abin da buhu guda ya ci. Bana mun sayi kaye, kowane rudu da shafinsa.