Wanka a ƙarƙashin wayar lantarki a Barazil

Tun muna yara aka koya mana ruwa da kuran ba su haɗuwa: jiƙaƙƙen hannu ba ya taɓa waya, in hadari ya taso a cire talabijin. Da wannan tarbiyya mu ƴan Nijar muke sauka Barazil, mai karatu, mai neman kuɗi, da irinmu ƴan rediyo da suka je horo. To can kuwa, a yawancin gidaje, wayoyin wuta cikin kan dush suke shiga, daidai bisa kan mutum.

Abin na farar roba ne, kamar ƙaramar ƙwarya a kife, babu tanki babu komai. Da ka buɗe pampo, ƙarfin ruwa ya tura wani ɗan faifai a ciki, shi ya haɗa wuta, wata murɗaɗɗiyar waya ta ɗauki zafi, ruwa ya bi ta kanta ya zubo da ɗumi. Ka rufe, wuta ta yanke. Wani ɗan ƙasar mai suna Francisco Canho, mutumin garin Jau a jihar Sao Paulo, shi ake dangantawa da ƙirƙirarsa, yau kuma kamfanin Lorenzetti ya fi suna wajen ƙera shi.

Makonnin farko da yawanmu bokiti muka koma, muna ɗora ruwa a wuta kamar hunturun Maraɗi, masu gida suna ta dariya. Amma sanyinsu daga Yuni zuwa Agusta yake, lokacin da mu nan ake damina, kuma safiyar Sao Paulo ba ta wasa. Dole muka zauna muka koyi abin.

Na ɗaya, ruwa kaɗan shi ne mai zafi. In ka buɗe pampo duka, ruwa na wucewa da sauri bai ɗumama ba. Na biyu, akwai maɓalli a jikinsa: inverno na lokacin sanyi, verão na lokacin zafi, sai wurin kashewa. Ba a taɓa shi ruwa na zuba, sai ka rufe tukuna. Na uku, in fitilar ɗaki ta ɗan dushe da ka buɗe, abin ne ke jan wuta. Wat 5,500 da yawansu suke ci, daidai da ƙwan fitila 550 masu wat 10. Wankan minti 10 ya kusa kilowat-awa ɗaya a takardar biya.

Saboda wannan cin ne ake ja masa waya mai kauri tasa shi kaɗai, da nasa dijontar mai yanke wuta, da koriyar waya da ke zubar da kuran cikin ƙasa. Inda aka yi haka, miliyoyin mutane na wanka kullum lafiya lau, har da yara.

Matsalar tana ɗakunan haya masu araha, inda baƙo ya saba sauka. Can za ka ga wayoyi a murɗe da hannu an naɗe da sikoc, koriyar tana lilo ba a haɗa ta da komai ba. Ka kama pampon ƙarfe ka ji ya ɗan cije ka. Nan ne ɗan'uwanmu yake yin shiru, wai kar a ce masa baƙauye, ya sa silifa ya ci gaba. Silifa ba ta gyara waya. In pampo ya cije ka, kashe dijontar, kira mai gida, ya kawo mai gyara. Su kansu ƴan ƙasar ba su yarda da wannan.

Sai masu son ɗauko shi tsaraba. Wasu na bolt 127 ne, mu kuwa 220 gare mu, nan take zai ƙone. Ko an dace da na 220, siririyar wayar gidajenmu da yawa ba ta ɗaukar wannan nauyi, za ta yi zafi cikin bango ana barci ko ana hira.

Tsoron da iyayenmu suka sa mana yana da amfani, shi ya sa muke ɗaga kai mu duba waya kafin mu buɗe ruwa. Wanda ke da ɗa ko ƙane da zai tafi Barazil, Peru ko Kenya, inda ake irin wannan wanka, don Allah ya tura masa wannan. Allah ya tsare mu, ya maido matafiya lafiya.