Kwatancen Da Ya Kai Baffana Legas

Wannan makon labarin wata kunya da na sha a gaban Baffana na zo muku da shi, don ita ta sa na sake duban rubutun da muke rainawa.

Ƙauyenmu yana yankin Dambatta, inda gona ke jingine da gona, ba ka samun fegin da ba mai shi. Bayan na gama difloma a fannin kwamfuta, sai na ce bari in yi wa ƙungiyar manoman garinmu wani abin amfani. Na haɗa musu ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira a waya, wanda manomi zai tambaya game da yanayi ya ba shi amsa da Hausa. Don kada in wahalar da dattawa da rubuta sunan gari, na haɗa shi da wata manhaja da ke gano inda mutum yake ta adireshin IP, wato lambar da na'ura ke fita da ita intanet.

Takardar bayanin manhajar ta burge ni. Gajera ce, tsaf, ta ce ka ba ta lamba ta ba ka ƙasa da gari. Ɗan aiken nan ma ita yake karantawa ya san yadda zai yi aiki da manhajar. Ni da shi duka muka gaskata ta.

A watan Afrilu, zafi na tsakiyar ganiyarsa, na kai wa Baffa wayar a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ya ce in tambaya masa ko lokacin shukar gero ya yi. Amsa ta fito cewa ruwa ya sauka a yankinsa, ƙasa ta jiƙa, yana iya shuka. Baffa ya dubi sama, ya dubi busasshiyar ƙasa, ya ce, "Ɗana, wannan abin naka ya taɓa zuwa garin nan kuwa?" Mutanen wurin suka yi dariya. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, don na riga na sa wa matasa da yawa shi a waya. A nan damina ba ta kan zauna ba sai wajen watan Yuni. Wanda ya zuba irinsa a kan yayyafi ɗaya, ya tsiro ya ƙone, ya yi asarar abin da ya ɓoye tun kaka.

Da na bincika daren nan, sai na ga manhajar ta ajiye Baffa a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Dalilin kuwa, lambar IP ba ta ɗauke da wuri a jikinta. Hukumar AFRINIC da ke Moris ce ke raba lambobin ga kamfanonin Afirka, kamfanin waya kuma yakan fitar da dubban wayoyi ta ƙofa ɗaya da lamba ɗaya. Manhajar hasashe take yi daga inda aka yi wa lambar rajista ko inda ƙofar take. Ƙasa takan dace, amma gari a kan layin waya, sai sa'a.

Ashe ba a kaina farau ba. A 2016 'yan jarida sun bankaɗo yadda kamfanin MaxMind na Amurka yake ajiye duk lambar Amurka da bai san garinta ba a wani wuri guda a tsakiyar ƙasar. Wurin ya faɗo a wata gona kusa da garin Potwin a jihar Kansas, lambobi sama da miliyan 600 suna nuna ta. Shekaru 'yan sanda da waɗanda aka damfara suna zuwa gidan neman masu laifin da ba su taɓa taka wurin ba. Daga baya kamfanin ya mayar da alamar tsakiyar wani tafki.

Na koma na sake karanta takardar tawa da idon mai gyaran rubutu. Ba ta yi ƙarya ba, amma ta yi shiru a wurare huɗu. Ba ta faɗi tazarar kuskure ba, ko kilomita 5 ne ko 500. Ba ta faɗi abin da manhajar ke bayarwa idan ba ta sani ba. Ba ta ambaci layin waya ba, alhali a garinmu kowa da shi yake shiga intanet. Ba ta kuma faɗi ranar da aka sabunta bayanan ba. Na duba ta wani kamfanin, na ga su sun sa tazarar kuskure kusa da kowace amsa, sun kuma yi gargaɗi kada a yi amfani da ita wajen nuna gidan wani.

Mutum idan ya karanta bayani mai giɓi, yakan cike da hankalinsa, kamar yadda Baffa ya dubi sama. Ɗan aike na na'ura ba shi da saman da zai duba. Abin da aka rubuta masa shi ne duniyarsa, kuma da ƙarfin gwiwa zai isar da shi.

A garinmu idan baƙo ya nemi kwatance, akan ce masa, "Bi nan har rimin can, daga nan ni ban sani ba, sai ka tambaya." Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce amanar mai kwatance, kuma ita ce babu a takardar nan. Na rubuta wa ɗan aiken nawa ita da hannuna. Yanzu kafin ya ce komai sai ya tambayi manomi garinsu, domin matambayi ba ya ɓata.

'Yan uwa, mu da ke burin rubuta littafi, mukan ɗauka bayanin amfani da kaya ba adabi ba ne. Amma duk wanda ya rubuta yadda ake haɗa magani ko zuba taki, wani zai bi shi ba tare da damar tambaya ba. Tun ranar, ko labari na rubuta sai na duba inda na yi magana da tabbaci alhali hasashe nake. Baffa ya yi shukarsa bayan ruwan Yuni, kuma har yau idan ya gan ni da waya sai ya ce, "Ɗana, yau kuma wane gari aka kai ni?"

Allah Ya ba mu damina mai albarka.