Tukunyarmu Ɗaya

Ni haifaffiyar Illo ce, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi, dab da iyakar ƙasar Benin. A nan aka yi min aure, a nan na haifi 'ya'yana huɗu. Ina so in ba ku labarin ƙibata, da yadda na rage ta, da waɗanda suka kama min.

Kun dai san halinmu. Amarya in ta yi wata shida a ɗaki ba ta cika ba, sai a fara tsegumi, wai miji bai iya kiwo ba. Don gudun wannan gori na sha ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe tun ina amarya, ƙawaye ne suka kawo min. Ga kunun kanwa da naman jego duk haihuwa. Ga tuwon shinkafa, ga soyayyen kifin Kwara, ga taliya da man girki da ake shigowa da su daga kasuwar Malanbil. Daka kuwa na manta rabona da ita tun da inji ya wadata. Na zama katafariya, kowa na cewa, "Tubarkalla, kin samu gidan hutu." Ni kuma ina jin daɗi, alhali in na sunkuya ɗaura tukunya sai na dafa bango kafin in miƙe.

Bayan na yaye ɗan autana, ciwon kai ya matsa min, na je asibiti. Malamar asibiti ta ɗora ni a kan sikeli, kilo 97. Ta auna jinina, ta sake aunawa, ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, jininki ya hau ƙwarai. Akwai mai hawan jini a danginku?" Gabana ya faɗi, domin mahaifiyata shanyewar ɓarin jiki ce ajalinta, ta bar mu muna ƙanana. Na ba ta labarin sha-ka-fashe, ta ce irin waɗannan ƙwayoyi suna tayar da jini da sukari. Ta ba ni magani, ta ce kullum in sha. Sannan ta ce ko kilo 5 zuwa 10 na rage daga wannan nauyi zan ga sauƙi, amma a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ban da zama da yunwa, ban da shayin rage ƙiba na 'yan talla.

Na dawo gida na rufe bakina, kunya ta hana ni faɗa wa kowa. Sai na shiga yi a ɓoye. Abokiyar zamana ta kawo min abinci ranar girkinta, in ɗan taɓa in rufe. Ashe ta lura. Kwana goma ba ta gaishe ni da sakin fuska ba, a zatonta zarginta nake da zuba min wani abu. Inna, mahaifiyar maigida, ita ma ta kira ɗanta ta tsare shi, "Me ka yi wa yarinyar nan ta daina cin abinci? So kake mutanen gari su ce tun da ka ƙara aure ka wulaƙanta uwar 'ya'yanka?" Ni kuwa dare na yi yunwa ta kore ni madafa, in cinye abin da na ƙi da rana har da ƙari. Wata guda sikeli bai motsa ba, ga gida ya ɗauki zafi.

Aminiyata da muke zuwa Islamiyya tare ita ta ba ni shawara. Ta ce, "Ke dai kin cika wauta. Tukunyarku ɗaya, ta yaya za ki gyara kwanonki ba ki gaya wa mai riƙe da ludayi ba?"

Daren nan bayan sallar isha'i na tara su, na ajiye katin asibiti da magani a gabansu, na faɗi komai, har da tsoron kada in bar 'ya'yana kamar yadda aka bar mu. Ɗaki ya yi tsit. Amarya ce ta fara magana, idonta da hawaye, "Haba Yaya, ai da kin faɗa min. Wallahi na ɗauka ƙina kike yi." Inna ta daɗe tana jan carbi, sannan ta ce, "Ɗiyata, na san mahaifiyarki, na ga kwanciyarta. Duk mai maganar ramarki ki turo min shi."

Daga ranar girkin gidan ya canza gaba ɗaya. Man da muke kwararawa daga kwalba muka koma aunawa da cokali. Malamar ta ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma ɗanɗanon dunƙule ma gishiri ne, sai muka rage su muka ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Kifi muka koma gasawa ko farfesu. Amarya kan cika min rabin kwano da kwaɗon zogale ko rama, malmalar tuwo ɗaya a gefe maimakon biyu. Maigida da ya saba shigo min da lemon kwalba duk dare, da ya ji babbar kwalba ɗaya tana ɗauke da sukarin da ya haura cokalin shayi 10, sai ya koma kankana da gwaiba in lokacinsu ne.

Motsa jiki kuwa an ce minti 30 a yini, kwana biyar a mako. Mace irina ina za ta yi gudu a titin Illo? Sai muka fito da turmi. Ni da amarya muke surfe da dakan fura, muna lugude yara na dariya. Aminiyata kuma takan biyo min mu taka zuwa Islamiyya da ƙafa, ta hana ni hawa mashin. Ranar da na ce gwiwa, sai ta zauna a zaure ta ce ba ta tafiya sai da ni.

Kada ku ɗauka ban taɓa zamewa ba. Bikin ƙanwata a Lolo, mako guda ina cin masa da soyayyen nama, na dawo da ƙarin kilo biyu. Na zata za a yi min dariya. Amarya ta ce, "Yaya, biki ya wuce, ga taɓaryarki." A wurin wani suna kuma wata ta ce, "Uwargida, lafiya kike zubewa haka? Ko zafin kishi ne?" Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Ni na sa ta. Akwai magana?" Matar ta ja bakinta.

Cikin wata goma sha ɗaya na sauko kilo 86. Har yanzu ni ba siririya ba ce, ba kuma ita nake nema ba. Ina shan maganina, ina zuwa awo, jinina ya daidaita, ina sujada in tashi ba dafa bango. Maigida ma tumbinsa ya ragu bai shirya ba.

'Yar uwa, in likita ya ce ki rage jiki, kada ki yi irin kuskurena na ɓoyewa. Ki fara gaya wa wadda kuke girki tare, da mai cefane, da babbar da ake jin maganarta a gidan. Ke kuma da aka gaya wa, ki bar cewa "ɗan ƙara mana, loma ɗaya ba ta kisa", ki bar gorin rama, ki tambaye ta me za ki yi mata. Allah Ya saka wa Inna da amaryata da aminiyata da alheri, Ya jiƙan mahaifiyata, Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.