Gurguzun Inna



Ɗan ƙanena da ke zaune a Amurka ya aiko mini hoton wani fure mai faɗin faranti, ya ce maƙwabcinsa ne ya shuka. Ya ce idan ƙanƙara ta sauka karan yakan mutu ƙurmus, amma saiwar tana nan a raye, da bazara sai ta sake tsiro. Da na dubi furen sai na yi dariya, na ce masa: "Ɗana, ai wannan ɗan'uwan yakuwa ne." Dangi ɗaya suke da rama da kuɓewa da auduga, da jan furen nan da ake ƙawata ƙofar ofisoshi da shi. Nasu yana jure sanyi, tamu tana jure fari da ƙasa marar ƙarfi. Hoton nan ne ya tuna mini labarin da zan ba ku.

A Zangwatin aka haife ni, tsohuwar unguwar Hausawa da ke tsakiyar Wagadugu, inda kakanninmu fatake suka yada zango a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro. Tsakar gidanmu ba ta da faɗi, amma kowace damina Inna, Allah ya jiƙanta, sai ta jera yakuwa a gindin katanga. Irinta ja ne wur, har yana neman komawa baƙi, kuma zoɓorodonsa mai kauri ne. Ta ce daga wajen uwarta ta gaje shi. Ganyen mu yi miya da gyaɗa, zoɓorodon mu shanya don jiƙon da mutanen gari ke kira bisap. Gurguzun kuwa, wato 'ya'yan, a dafa a yi daddawar batso, wadda Mosawa ke kira bikalga. Ba abin da ake zubarwa.

Inna tana da wata ɗabi'a da ke ba ni haushi ina yarinya. Duk macen da ta yaba yakuwarta, sai ta ƙulla mata gurguzu a bakin zane. Na taɓa ce mata: "Inna, idan kowa ya samu, wa zai sayi namu?" Ta dube ni ta ce: "Ke dai je ki ɗebo ruwa."

A shekarar 2003 aka tashi Zangwatin da unguwannin da ke kewaye da ita domin aikin ZACA. Wasu suka koma wajen Ouaga 2000, wasu Nioko, mu kuwa muka sauka Zongo, yamma da gari. Ranar tashi kowa na ta kwashe kwanon rufi da ƙyaure, Inna ta rungume wani tsohon gwangwanin madara cike da gurguzu, ba ta yarda a sa shi cikin amalanke ba. Damina na faɗuwa ta shuka a sabon gida, tun ba mu gama katanga ba. Ta rasu a 2008, gwangwanin ya dawo hannuna.

Ranar Talata, 1 ga Satumba 2009, cikin watan azumi, ruwan da ya haura milimita 260 ya sauka a Wagadugu cikin yini guda. Duk wanda ke garin ya san abin da gidajen laka suka gani. Mun gode Allah ba mu rasa rai ba, amma ɗakin girki ya faɗi, kuma a cikinsa gwangwanin yake. Da muka tono shi, gurguzun ya kumbura ya ruɓe. Yakuwar da ke tsakar gida kuwa ba ta kai ga fure ba, ruwa ya kwanta mata kwanaki, saiwarta ta mutu. Mutane suna kukan gida da dukiya, na ji kunyar in faɗa wa kowa abin da nake wa kuka.

Shekara biyu ina sayen iri a kasuwa. Yana tsira, yana 'ya'ya, amma jiƙonsa fari-fari, ba kamar namu ba. Sai wata rana na je suna a Nioko. Ina shiga wani gida don in yi alwala, na hangi kara ja a gindin katanga, ƙirjina ya buga. Mai gidan ashe tsohuwar maƙwabciyarmu ce, Bamosa, wadda muke kira Yaba. Ta gane ni kafin in gane ta. Na ce: "Yaba, ina kika samo wannan?" Ta ce: "'Yata, uwarki ce ta ƙulla mini, shekarar da aka yaye ki." Ta cika mini tafi biyu. A nan na samu amsar tambayar da na yi wa Inna tun ina yarinya.

Ga abin da na koya, ko wata za ta amfana. A jira damina ta kankama, ƙarshen Yuni zuwa Yuli. A tayar da kunya ko a tara ƙasa ta yi tudu, domin yakuwa tana haƙuri da ƙishi amma ba ta yafe kwantaccen ruwa. A sa ƙwaya uku a rami mai zurfin gaɓar yatsa, a bar tazarar kamu biyu. Cikin mako guda za ta fito, sai a bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a kai sauran tukunya. Idan ta kai gwiwa a tsinke kanta don ta yi rassa. Kada a damu in an ga ta yi tsawo ba fure: tana jira ne yini ya fara gajarta, wajen Satumba zuwa Oktoba. Furen kwana ɗaya yake yi ya faɗi. Bayan kamar mako uku zoɓorodon ya cika, a yanka, a cire ƙwallon ciki, a shanya a kan tabarma mai tsabta har ya bushe sarai. A bar gindi biyu mafi kyau su bushe a tsaye don iri. Kada a maimaita ta kowace shekara a gurbin da kuɓewa ta tashi, cutar saiwarsu ɗaya ce. Wadda ke gidan haya, rabin duro mai huji a ƙasa ya ishe ta, kuma ruwan alwala ba ya ɓata shuka. A dai yi shinge saboda awaki.

Wannan tsiro da muke renawa, a Masar da Sudan karkade suke ce masa, kuma daga Jigawa ta Najeriya har ƙasar Meziko ake kai shi. Bincike ya nuna jiƙonsa yana ɗan sauko da hawan jini, amma ba ya maye gurbin maganin likita, kuma sukarin da muke tula masa yana cinye amfaninsa.

Yanzu ina ajiye irina wuri uku: kwalba a kan kabad, wata a gidan 'yata, sauran a hannun maƙwabta. Bana ma akwai rara. Duk 'yar'uwar da ke so, ta same ni bayan karatun mata, ta zo da abin ƙulli. Abin da nake roƙo ɗaya ne: idan ta girbe, ta ba wata, ta kuma sa Inna cikin addu'a.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.