Ba a fafe gora ranar tafiya

Jama'a, mu masu gyaran gidaje a nan Bacirawa, kasuwarmu tana ci ne a watan Agusta, lokacin da ruwa ke kayar da katanga, soro ya kama yoyo, iska ta yaye kwano. To amma lokacin ne aikin ya fi wuya: tubali ba ya bushewa, yaran da za su kwaɓa ƙasa duk suna gona, ga mai gida ya raba iyalinsa a ɗakunan maƙwabta yana jiranka.

Shi ya sa ni rani ba hutu ba ne. Yanzu nake buga tubali in jibge, in tanadi azara, in leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa in sayo kwano da ƙusa kaɗan-kaɗan. Duk wanda ya ga buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024 ya san gara ka ajiye kaya da ka ajiye kuɗi.

Ku kuma masu gida, don Allah ku duba indararo da gindin katanga tun yanzu. Yaɓen kwana biyu a watan Maris ya fi a zo tono yara cikin dare.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.