Saun-kad kafin kwamfuta: yadda ake haɗa injin kiɗa a Jamus da Kano

A Jamus, idan mai kiɗa ya tashi harhaɗa kwamfutar sutudiyo, ba da kwamfutar yake farawa ba. Da saun-kad yake farawa, ɗan akwatin nan da ake jona makirfo da fiyano da lasifika a jikinsa. Sai ya tsayar da wanda yake so, ya leƙa shafin kamfanin ya duba direbansa: wace Windows yake ɗauka, yaushe rabon da a sabunta shi, ta USB yake shiga ko ta Thunderbolt. Bayan nan ne zai nemo madabod da firosesar da za su zauna lafiya da shi. Mu kuwa a Kano daga Beirut Road muke farawa. A ɗauki HP ko Dell ta hannu, a tambayi Core i nawa ce, RAM nawa, a yi ciniki. Abin da ya rage a aljihu shi ne na saun-kad.

Na daɗe ina ganin ɓarnar da wannan tsari namu ke yi, kuma tana yi mini ciwo, don mawaƙi take cuta. Muryar da ta shiga makirfo sai ta bi ta saun-kad, ta shiga kwamfuta, ta dawo kunnen mai waƙa. Idan tafiyar ta daɗe, sai ka ga 'yar amshi ta zame hedfon daga kunne ɗaya tana cewa, "Oga, muryata tana biyo ni a baya." Lissafin ba shi da wuya. Idan bafa, wato ma'ajin da sauti ke jira a ciki kafin a sarrafa shi, tana kan 128 a mitar 48 kHz, jinkirinta bai kai kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa ba, kunne ba ya kamawa. Idan aka kai ta 1024, ya haura kashi 20, ga kuma na dawowa. To me ya sa furodusa ke ɗaga ta? Saboda da ya sauke, sai ƙaraf-ƙaraf ya cika waƙar. Daga nan sai a ɗora wa kwamfuta laifi, a koma kasuwa a ƙaro RAM, a dawo a tarar ciwon yana nan. Sau da yawa direba ne: an loda ASIO4ALL maimakon na kamfanin da ya ƙera saun-kad ɗin, ko kuma direban Wi-Fi ne ke riƙe firosesa a daidai lokacin da sauti ke neman hanya. A nan Jamus, kafin a ɗauki ko baiti ɗaya, ana barin 'yar manhajar LatencyMon ta yi ta aiki har ta nuna direban da ke kawo tsaiko.

Ba don sun fi mu basira ba ne. Abin a gidansu aka haife shi. Kamfanin Steinberg na Hambug shi ya fitar da Cubase a 1989, shi kuma ya kawo tsarin ASIO a 1997. Ableton da Native Instruments a Balin suke, RME kuma ya yi suna ne wajen ci gaba da sabunta direban na'urorinsa ko da sun tsufa. Ga doka tana bayansu: abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar, shagon Thomann ma kwana 30 yake bayarwa. Mutum zai jona, ya gwada, in ba su daidaita ba ya mayar cikin kwalinsa. A gida Kano kuwa, sai dai amana tsakaninka da mai shago. Shi ya sa tsofaffin saun-kad masu kafar FireWire ke cinye kuɗin yara. Kaya ne masu kyau, ga araha, amma kwamfutocin yanzu ba su da kafar, kuma da yawansu ba sa jituwa sai da katin da ke ɗauke da cif na Texas Instruments.

Inda ba na bin su shi ne maganar shiru. Wani maƙwabcina a nan Jamus ya haɗa tasa kwamfutar cikin akwatin be quiet! mai soso a ciki, da manyan fankokin Noctua masu juyawa a hankali. Sai ka kara kunne kafin ka san a kunne take. Yana da hujja, don a ɗaki ɗaya yake kiɗa, yake ɗaukar murya, yake kwana. Amma kai wannan akwati Zoo Road a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ko lokacin hunturu ƙura ta toshe 'yan kafofin iskarsa. Firosesa za ta yi zafi ta rage wa kanta gudu, ƙaraf-ƙaraf ya dawo. Mu akwati mai raga muke buƙata, da matatar ƙura da ake cirewa a kakkaɓe, a kuma ajiye injin a wajen ɗakin murya. Masu gyaran kwamfuta na Kano sun san wannan fiye da kowane Bajamushe.

Sai wuta. A takarda ƙasashen biyu duk bolt 230 ne, amma Bajamushe bai taɓa sa janareta cikin lissafinsa ba, kuma soket ɗinsa yana da atin, wato wayar da ake haɗawa da ƙasa. Gunjin nan da ke kwance ƙarƙashin wasu waƙoƙinmu, wanda ake ta fama da shi wajen tacewa, galibi daga rashin atin ne ko wayoyin da aka jona barkatai. Da wani matashi ya aiko mini saƙo in taho masa da katin hoto mai tsada, ce masa na yi: "Ƙanena, FL Studio ba ta buƙatar wannan. Kira mai gyaran wuta ya binne maka ƙarfen atin, ka sayi UPS ko inbata mai wuta tsaftatacciya, ka sa SSD."

Yanzu kuma ga wata sabuwa. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance ba ta karɓar firosesar Intel da ta girmi zubi na 8, sai 'yan ƙalilan. Kwamfutocin da ofisoshin Turai ke sallamarwa saboda haka su ne za su cika shagunanmu da araha. Duk wanda zai saya, ya ɗauki saun-kad ɗinsa da makirfo ya tafi da su kasuwa, ya roƙi mai shago a loda direban a gabansa, a sauke bafa zuwa 128, ya yi waƙa na minti goma a nan cikin shagon kafin ya ƙirga kuɗi.